Tambayi Likita: Wai da gaske maganin ARV yana cinye hanta?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suke, hanta da ARV, wato maganin cutar nan mai karya garkuwar jiki (HIV), shi yasa na haɗa su wuri guda. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye da duk abinda zai sa a gane mai tambaya.

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah a sakaya sunana. Ni mace ce shekarata 36, shekara 8 kenan ina karɓar magani kuma alhamdulillah ban taɓa kwanciya ba tunda na fara, duk sanda aka ɗebi jinina cewa ake ƙwayar cutar bata ma nunawa. Toh wata da muke haɗuwa a layin karɓar magani ta rasu kwanan nan, cikinta ya kumbura idonta yayi ɗorawa, mutane sai cewa suke wai maganin ne ya cinye mata hanta tunda kullum sai an sha ba hutu. Wlh likita tun ranar hankalina bai kwanta ba, yanzu sai insha kwana biyu in huta kwana ɗaya ko hantar ta samu ta sarara. Yarana uku duk ƙanana. Da gaske ne yana cin hanta? Maman yara, Kano

AMSA: Allah ya jiƙanta da rahama, ke kuma ya raya miki yaran nan. Amma 'yar uwa kafin in ce komai, wannan hutun da kike ba hantar dan Allah ki daina shi daga yau ɗin nan, ki koma shan maganinki kullum a lokacin da kika saba, kuma ranar da kika je asibiti ki faɗa musu gaskiya tun yaushe kike tsallakewa don su sake duba yawan ƙwayar cutar a jininki. In ma an yi miki faɗa ki daure, faɗan so ne.

Maganar mutane ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta fara rabon magani a 2002, haɗin da ake bayarwa stavudine ne da lamivudine da nevirapine, kuma biyu daga cikin ukun nan sun wahalar da hantar mutane ba wasa ba. Nevirapine ce ta fi yin suna, tana iya kumbura hanta farat ɗaya a farkon fara sha, musamman sati 6 na farko har zuwa wajen sati 18, sau da yawa tare da ƙuraje a jiki da zazzaɓi, kuma abin mamaki ta fi kama waɗanda garkuwarsu take da sauran ƙarfi, mace mai CD4 (adadin sojojin jiki a gwajin jini) sama da 250, namiji sama da 400. Waɗanda suka daɗe a harkar zasu tuna yadda ake cewa ka sha ƙwaya ɗaya a rana na sati 2 tukuna kafin a mayar maka biyu, toh dalilin kenan. Ita kuwa stavudine a hankali take ɓarnarta, ta tara kitse a hanta, ta zuƙe kumatu, ta sa tafin ƙafa zafi, wani sa'in ta sa jini yayi tsami har mutum ya rasa ransa. Mutane sun ga wannan da idonsu, sun binne 'yan uwansu, dole labarin ya zauna a bakin jama'a har yau.

Sai dai an daɗe da wuce wajen. Tun wajen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye stavudine, aka koma haɗin da yake da efavirenz, mai sa jiri da mafarkai ɗin nan (ita ma tana taɓa hantar wasu tsiraru), sannan daga 2018 zuwa 2019 aka shiga mayar da mutane kan wanda kusan kowa yake sha yanzu, wato TLD, magani uku a ƙwaya ɗaya: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ki duba jikin robarki, ina kyautata zaton shi ne a hannunki. Dolutegravir ba kasafai take taɓa hanta ba, tenofovir kuwa ƙoda aka fi sa mata ido akai ba hanta ba. Kuma ko maganin da yake taɓa hantar, galibi a makonni ko watannin farko yake nuna halinsa, ba wai mutum ya shekara 8 lafiya lau sannan a wayi gari ace maganin ya cinye shi ba.

Irin ciwon da kika kwatanta, ciki ya tara ruwa ido ya canza, alamar hanta ce da ta shekara da shekaru tana lalacewa a ɓoye har ta ƙanƙance, kuma a ƙasarmu babban mai jawo wannan shine hepatitis B, sai hepatitis C, sai giya. Babban binciken da aka yi gida gida a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da hepatitis B, alhali HIV bata kai 2 cikin 100 ba. Da yawa tun suna jarirai suka ɗauka wajen haihuwa, ko suna yara, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba'a tsaftace ba, kuma basu san suna da ita ba don bata ciwo sai ta gama ɓarna.

Yanzu ga abinda ya sa hankalina ya tashi da na karanta saƙonki. Tenofovir da lamivudine ɗin da suke cikin ƙwayar nan, su ne dai magungunan da suke danne hepatitis B. Kinga kenan duk wanda yake da cutukan biyu, ƙwayar da yake tsoro ita ce take tsare masa hanta ko ya sani ko bai sani ba. Ranar da ya ajiye ta, ƙwayar hepatitis B da aka danne sai ta yunƙuro ta hayayyafa, sojojin jiki su far mata a cikin hantar, cikin 'yan makonni ko watanni hanta ta kumbura, wasu har ta daina aiki gaba ɗaya. Wannan gargaɗin a rubuce yake ɓaro ɓaro a takardar da take zuwa da maganin. Ana gudun gara a faɗa gidan zago kenan.

Kuma tunanin da kika yi na ba jiki hutu, manyan likitoci ma sun taɓa yin sa, har suka gwada. Wani bincike da ake kira SMART, mutum sama da 5,000 a ƙasashe 33, aka raba su biyu, wasu suna sha kullum wasu suna hutawa in garkuwarsu tayi sama, da fatan masu hutun zasu tsira daga illar magani. A farkon 2006 dole aka tsayar da binciken tun bai ƙare ba, saboda masu hutun sun ninka ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu wajen kwanciya ciwo ko mutuwa, kuma ciwon zuciya da ƙoda da hantar ma kanta ya fi yawa a cikinsu. Ita HIV ɗin in aka sake ta, da kanta tana cutar da hanta. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar ta saba da maganin ya daina yi miki aiki. Wannan jan kunnen ya shafi har waɗanda suka fara tattalin ƙwaya a farkon 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da tallafi aka shiga fargabar magani zai yanke, in har yanzu akwai mai raba ƙwaya biyu ko tsallake rana dan Allah ya bari.

Abinda zaki yi in kin je asibiti, ki tambaya kai tsaye: an taɓa yi min gwajin hepatitis B? Sunansa HBsAg, ɗigon jini ne kawai. In baki da ita ki nemi allurar rigakafi, guda 3 ce. In kina da ita ba tashin hankali bane tunda kina kan maganinta, sai dai a riƙa duba jinin hanta da hoton ciki lokaci zuwa lokaci, a gwada maigida da yaran, kuma duk ranar da za'a canza miki magani ki tuna wa likita, don akwai haɗin da baya taɓa hepatitis B ko kaɗan, har da na allura ɗin nan da ake ta magana akai. Ki roƙi gwajin hepatitis C ma, ita yanzu warkewa ake yi da maganin sati 12.

TAMBAYA: Likita ƙanina ne ɗan shekara 27, an gano yana da HIV da tarin TB lokaci guda. An fara bashi maganin tarin wata ɗaya da ya wuce, bayan sati biyu aka ɗora masa ARV ga kuma Septrin. Yau kwana huɗu kenan yana amai baya iya cin komai, fitsarinsa yayi duhu kalar shayi ba madara kuma farin idonsa ya fara canzawa. Mama tace shawara ce zata jiƙa masa magani. Ranar komawarsa asibiti sai nan da sati biyu, mu jira ranar ko yaya? Yayarsa, Gombe

AMSA: Wannan na riga na bata amsa ranar da saƙon ya shigo, ina sake sa shi a nan ne saboda wasu. Ƙanwata ba'a jira. Yau za'a kai shi, in dare ne a shiga ta ɓangaren gaggawa, kuma kar ya ƙara shan ƙwayar tarin sai likita ya gan shi. Ranar da aka rubuta a kati ta mai lafiya ce.

Ƙwayar TB ta watanni biyun farko magani huɗu ne a cikinta, kuma uku daga ciki, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, kowannensu yana iya kumbura hanta. A gaskiya in mai HIV ya zo da shawara a watannin farko na magani, maganin tari muke fara zargi kafin ARV. Septrin ma yana iya yi, haka fluconazole in an bashi saboda farin baki. Sannan akwai wani abu kuma, in garkuwar jiki ta fara farfaɗowa bayan fara ARV, tana iya afka wa hepatitis B ɗin da ta daɗe kwance a hanta, sai a ga kamar maganin ne alhali garkuwar ce ta farka. Duk waɗannan daga waje kamarsu ɗaya, sai gwajin jini ne yake raba su, shi yasa ba aikin gida bane.

Kar a rikita da wani abu daban: rifampicin tun ranar farko tana mayar da fitsari da gumi da hawaye ja ja ko ruwan lemo, wannan ba komai bane, kalar maganin ce. Wanda ake tsoro shine fitsari mai duhu da ya zo tare da amai, ƙin abinci, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya canza, ƙaiƙayin jiki, ko bahaya tayi fari fari. In kuma ya fara surutai, ko baccin rana ido biyu da dare, ko jini yana fita daga dasashi ko hanci, ko yayi amai da jini, toh hantar ta fara gazawa ne, ko minti ɗaya kar a ƙara.

Ku tattara duk abinda yake sha a leda ku tafi da shi, har na kemis har na gargajiya, kar a ɓoye komai. A asibiti zasu dakatar da waɗanda ake zargi, in tarin yayi tsanani su riƙe shi da wasu magungunan da basa takura wa hanta, in jinin ya sauka sai a dawo da su ɗaya bayan ɗaya ana dubawa har a gane mai laifin. Mafi yawa suna warkewa sarai in an zo da wuri kuma su ƙarasa maganin tarinsu. Ita kuma Mama a lallaɓa ta, tausayin ɗanta ne ya sa, amma a ce mata likita ya roƙi arziki kar a bashi jiƙon komai yanzu, hantar da zata tace jiƙon ita ce take kwance. Wani abu da zaku iya gani a katinsa: mai shan rifampicin ana ƙara masa dolutegravir ƙwaya ɗaya daban bayan awa 12, ba kuskure bane, rifampicin ce take saurin kore ta daga jini. Masu shan isoniazid don rigakafin tari ma, alamomin nan da na lissafa sun shafe ku.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne. Shekara biyu da suka wuce aka canza min magani zuwa mataki na biyu saboda na farkon ya daina min aiki. Tun lokacin idona yake yin rawaya, wata rana sosai wata rana kaɗan, amma ni lafiyata ƙalau ina cin abinci ina aikina. Abokan aiki sun dame ni da tambaya, surukaina kuma sai aiko min da maganin shawara suke. Hantata ce ta lalace? Malam, Katsina

AMSA: Malam ka duba robar maganin, in ka ga an rubuta atazanavir toh kusan an gama magana. Jiki kullum yana narkar da tsofaffin ƙwayoyin jini, abinda yake fita daga nan wani sinadari ne mai launin rawaya da ake kira bilirubin, hanta ce take sarrafa shi ta zubar. Atazanavir tana rage wa hanta saurin wannan aikin guda ɗaya tak, sai sinadarin ya ɗan taru ya fito a ido, amma naman hantar lafiyarsa lau. Ya fi fitowa in mutum bai sha ruwa sosai ba ko ya daɗe bai ci abinci ba, shi yasa kake ganin wata rana da wata rana.

Duk da haka kar ka yanke wa kanka hukunci da abinda na faɗa, ka je a yi gwajin hanta ko sau ɗaya. In ALT, wato sinadarin da yake hawa a jini in hanta ta ji rauni, daidai take kuma nau'in bilirubin ɗin da ya hau wanda hanta bata riga ta sarrafa bane, shikenan maganin ne kuma ba illa. Ka yawaita shan ruwa don tana iya kawo tsakuwar ƙoda, kuma kar ka haɗa ta da omeprazole na masu olsa, yana hana ta shiga jini. Maganin shawarar surukai kuwa ka karɓa kayi godiya ka ajiye.

Abinda bana so a raina shine damuwar da kake ciki. Mutum yana rufa wa kansa asiri sai idonsa ya riƙa jawo masa tambaya a ofis, wannan kaɗai ya sa wasu sun ajiye magani a ɓoye, kuma mataki na biyu ba wurin wasa bane. In abin ya ishe ka, ka faɗa wa likitanka ƙarara, akwai wasu magungunan da za'a iya musanya ta da su gwargwadon tarihin abinda ka sha a baya.

TAMBAYA: Likita nayi gwajin hanta a wani lab na kuɗi, ALT ɗina 68 kuma an ja layi a ƙasa da jan biro. Wata 5 kenan ina kan TLD. In dakata da sha? Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: A'a ƙanwata, ki ci gaba da sha. Yawancin lab iyakarsu wajen 40 ce, 68 bata ma ninka biyu ba, kuma zazzaɓin cizon sauro in kin yi shi kwanan baya ko wani maganin da kika sha ko ƙiba duk suna iya ɗaga ta haka. Inda likita yake fara tunanin tsayar da magani shine in ta ninka iyakar sau 5, wato wajen 200, ko sau 3 in akwai amai ko shawara tare da ita. Ki kai takardar asibitin da kike karɓar magani, a yi miki gwajin hepatitis B da C in ba'a yi ba, a maimaita ALT ɗin bayan 'yan makonni a ga ina ta dosa. In kin lura kin ƙara jiki sosai tunda kika fara, wanda yana faruwa da wasu a kan dolutegravir, ki rage lemon kwalba da kayan zaƙi ki riƙa taka ƙasa, don kitse a hanta yanzu ya zama ruwan dare har ga waɗanda basu da HIV.

TAMBAYA: Oga likita ni direban babbar mota ne Kano zuwa Legas. Bana wasa da maganina ko a hanya. Amma gaskiya saboda ciwon jiki kullum sai na sha Panadol da haɗin da masu kemis suke ƙullawa, ina shan bitas na leda da maganin maza, wani lokacin in an sauka a kudu ana ɗan taɓa kwalba ɗaya biyu. Wani yace in sayi maganin wankin hanta duk wata. Wanne ne mai kyau? Direba

AMSA: Ɗan uwa na gode da ka faɗi gaskiya, da haka kowa yake yi da aikinmu yayi sauƙi. Kuma sannu da ƙoƙari, riƙe magani a kan hanyar Legas ba ƙaramin abu bane. Amma cikin duk abinda ka lissafa, ARV ɗin ne mafi sauƙi a wajen hantarka.

Panadol magani ne mai kyau in an tsaya a ƙa'ida, babba mai lafiyar hanta kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 ta 500, kuma ba a haɗiye su lokaci guda ba. Mai shan giya ko mai ciwon hanta rabin haka ne nasa. Matsalar ita ce haɗin da ake ƙulla maka a leda sau da yawa akwai farasitamol ɗin a ciki, maganin mura ma akwai, sai ka zarce iyaka baka sani ba, ga kuma irin su diclofenac da ibuprofen da suke ciki waɗanda in sun haɗu da tenofovir kullum ƙoda ce take ji a jikinta. Duk ƙwayar da ba'a cikin kwalinta take ba, baka san sunanta ba, ka bar ta.

Bitas ɗin leda kuwa da yawansu giya ce mai ƙarfi aka zuba wa saiwoyi, ko kwalbar ma bata kai su ba. In ka haɗa da wadda ake taɓawa a kudu, kullum hantarka cikin aiki take. Ba wa'azi zan maka ba, ka san hukuncinta, ni ta ɓangaren lafiya nake magana: in gwaji ya nuna kana da hepatitis B ko C, ko kurɓi ɗaya babu naka. Maganin maza na tasha da na bayan mota shi ma ba wanda zai iya faɗa maka abinda ke ciki, an sha kama irinsu da maganin bature a ɓoye ba adadi. In akwai matsala ta wannan ɓangaren ka faɗa wa likita, ba abin kunya bane kuma akwai abinda za'a yi.

Wankin hanta kuwa ka riƙe kuɗinka. Babu wani sirof ko shayi ko kafso da aka tabbatar yana wanke hanta, wasu ma su ne suke kai mutane gadon asibiti. Abinda zai amfane ka da kuɗin shine gwajin hepatitis da rigakafinta. Sai kuma abinci a hanya: gyaɗa ko ƙuli ƙuli ko masarar da tayi fumfuna, mai ɗaci ɗaci ɗin nan, ka tofar kar ka haɗiye. Fumfunar tana fitar da wata guba da ake kira aflatoxin, dahuwa bata kashe ta, kuma in ta haɗu da hepatitis B haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ina da ciki wata 8, ina kan magani, kuma a awo aka ce min ina da hepatitis B ma. Nas tace in na haihu za'a ba jaririn nevirapine na ruwa. Ni kuma naji ance ita ce mai lalata hanta. Tsoro nake ji wlh, ga kakarsa ta riga ta tanadi dauri. Mai jiran haihuwa, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya sauke ki lafiya ya raba ku da rai. Ki bashi, kar ki yi shakka. Illar da na faɗa a amsar farko ta manya ce masu shan cikakken adadi, shi kuwa jariri ɗan kaɗan ake ɗiga masa daidai nauyinsa, yawanci na sati 6, wani a ƙara masa lokaci ko a haɗa da zidovudine in an ga haɗarin ɗauka yana da yawa. An shekara fiye da 20 ana ba jarirai shi a faɗin Afirka kuma ya tsare yara masu ɗimbin yawa. Ki auna da sirinjin da aka baki daidai layin da nas ta nuna miki, ba da cokali ba. Jarirai da yawa suna yin shawara a satin farko ko ba magani, toh in kin ga idonsa ko jikinsa ya canza, ko ƙuraje, ko ya ƙi kama nono, ki kai shi a duba a ranar, kar a tsaya shanya shi a hantsi kawai kuma kar ki yanke maganin da kanki.

Ta ɓangaren hepatitis B kina da sa'a guda, TLD ɗin da kike sha yana rage ƙwayarta a jininki, wannan kuma yana rage yiwuwar ta kai ga yaron. Abinda ya rage shine allurar rigakafin hepatitis B ta ranar haihuwa, a yi masa cikin awa 24 na farko, kar a bari sai bayan suna. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 da ita suke girma har tsufa, shi yasa awannin nan suke da tsada. Ki haihu a asibiti, ki faɗa wa maigida ko wadda zata raka ki tun yanzu cewa aikinta ne ta bi maganar allurar nan ko da daren Juma'a kika haihu, sannan a cika sauran na sati 6 da 10 da 14.

Daurin kaka kuwa a bata haƙuri da girmamawa, a ce asibiti sun hana. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Ke ma bayan haihuwa kar hidimar jego da wankan jego da baƙi su sa ki manta ƙwayarki, watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da hepatitis B take iya tashi, toh ki roƙi a duba miki jinin hanta in kin koma awon sati 6.